Yadda Muka Kai Ruwan Rijiyarmu Maraɗi

Tun da na dawo ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a majalisa tambaya, har mai shayin tashar Ikara sai da ya riƙe mini kofi ya ce sai na gaya masa ko gaskiya ne soja sun kama ni da bam. Ba bam ba ne, kuma ba kama ni aka yi ba, shanya ni aka yi a rana. Bari in rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tare ni in miƙa masa ya karanta. Na san halinku, za ku ce na ƙara gishiri. Ban ga laifinku ba, ni ma ko kaza aka ce ta yi ƙwai sai na leƙa akurki.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba. A unguwarmu ta Kurmin Kogi yara suka fara wani ciwo, amai da zawo da dalalar miyau. Wadda abin ya fi tsananta a kanta ita ce Talatu, 'yar Ɗan'azumi, yarinyar da ko makaranta ba ta isa shiga ba. Nan da nan aka ce rijiya ce, kuma aka ce Ayuba ne. Ayuba Kirista ne, tun yana saurayi ya zo daga kudancin Kaduna, ya yi lambun tumatir a gefen rijiyar. An taɓa ganinsa yana wanke famfon feshi a kusa da ita, sun taɓa yin cacar baki da Ɗan'azumi a kan iyakar gona, sannan 'ya'yansa ko ɗaya bai kwanta ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya wa mutane a rai. Aka rufe rijiyar da kwanon rufi aka ɗora dutse, samari suka ce Ayuba ya kwashe iyalinsa ya bar garin kafin su taya shi.

Ni kuwa ina da wani akwati. Mun daɗe muna haɗa shi ni da tsohon malamina na Zariya, da hanjin tsohuwar rediyo da batir da agogo mai allura irin na masu gyaran lantarki. Akwatin yana da wata waya mai baki kamar biro, ita ake tsomawa a ruwa. A bakin ake manna wata 'yar fata mai ɗauke da wani sinadari da maganin ƙwari ke kashewa. In ruwa lafiya lau yake, allura ta tsaya a sama. In da guba, sinadarin ya mutu, allura ta faɗo. Burinmu wata rana kowane malamin asibiti da duba-gari ya riƙe irinsa, ya gwada rijiya, ya gwada waken da aka adana da magani, har jinin masu feshi. Amma tun da aka shiga tsuke bakin aljihu 'yar fatar nan ta gagara, don daga waje ake kawo ta, kuma sai a firji take rayuwa. Firjin malamina ya daɗe da zama kabad. Shi ya ce mini yana da wata tsohuwar ɗaliba a Maraɗi, Madam Zainabu, tana aikin gwajin amfanin gona, ita ba za a rasa a wajenta ba.

Na je gaban mai unguwa na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a dakata da korar mutumin nan in kai ruwan a gwada. In akwai guba, ni da bakina zan faɗa."

Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Malam Lawal, kai ɗanmu ne, amma ɗan boko ne, kuma 'ya'yan Ayuba ɗalibanka ne. Wa ya san ruwan da za ka kai? Ɗan'azumi zai bi ka."

Ayuba, da ke tsugune can gefe, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma wa ya san abin da za a zuba a kwalbar a hanya?"

Haka tafiyar mutum ɗaya ta zama ta uku. A gaban kowa aka ɗebo ruwan a kwalbar lemo, aka toshe da totuwa, aka narka kyandir a kai, mai unguwa ya danna zobensa a jiki. Kada ku ɗauka na tafi ne don na yarda da Ayuba. Ban yarda da shi ba. Ban yarda da Ɗan'azumi ba, don na ga yadda yake kallon lambun tumatir ɗin tun kafin ciwo ya zo. Shi kansa akwatin ban gama yarda da shi ba, bai taɓa aiki a gaban shaidu ba.

A Makarfi muka tarar da motoci jere ba mai. Da ƙyar muka sami wata babbar mota ta wani mutumin Kudan, ya yi lodin rake zai kai Maraɗi, ya ce in za mu iya zama a kan kaya mu hau. Wanda bai taɓa zama a kan rake daga Makarfi har Katsina ba, kada ya ce mini ya san ciwon ƙugu. Na rataya kwalbar a wuya cikin 'yar jaka, na rungume akwatin, su biyun suka sa ni a tsakiya. In na motsa zan gyara zama, ido huɗu ne a ƙirjina.

Ɗan'azumi ya zo da guzurinsa, ƙuli-ƙuli da mazarƙwaila da wata shuɗiyar jarka cike da ruwan rijiyar masallaci, ya ɗaura igiyarta a hannu. Tun a tasha ya rantse ba zai ci ko ya sha duk abin da ya gifta ta gaban Ayuba ba. Sunansa ma ba ya kira, sai dai "mutumin nan". Da muka wuce Tashar Yari Ayuba ya kwance ƙunshin dafaffen dankalin da matarsa ta ba shi ya ce, "Maƙwabci, bismilla." Ɗan'azumi ya kau da kai kamar ba da shi ake ba. Ni na karɓa, amma na yi ta jujjuya shi a hannu ina ɓare bawo a hankali har sai da na ga Ayuba ya haɗiye nasa. Ya lura. Murmushi kawai ya yi, kunya ta kama ni.

Shingayen soja kuwa ba a magana. A na kafin Kano ne wani ya hango akwatin ya ce a sauko da shi. Ya ga waya, ya ga batir, ya ja da baya ya ce, "Kai! Da wa kake magana da wannan?" Na ce ba ya magana, ruwa yake gwadawa. Na kunna don in nuna masa, allura ta yi tsalle, shi ma ya yi tsalle ya gyara bindiga. Direba ne ya ja ogansu bayan mota, jim kaɗan na ga ana sauke damin rake, sai aka ce mu wuce. Daga nan direban ya daina amsa gaisuwata.

A iyaka, bayan Jibiya, kwalbar ce ta ja mana. Wani ɗan kwastan ya ɗaga ta a rana ya girgiza, ya ce giyar ogogoro ce muka yi wa dabara, ya sa farce zai kankare kyandir. Karon farko ke nan da na ji Ayuba da Ɗan'azumi sun haɗa baki: "Kada ka buɗe!" Wannan ihun ya ƙara tabbatar masa akwai abu. Na fara bayani da turanci, abin ya ƙara lalacewa. Sai Ɗan'azumi ya matsa ya ce, "Yallaɓai, ruwan da ya kwantar da 'yata ne, tana can ko tashi ba ta yi. In ɗanɗanawa za ka yi, bismilla." Mutumin ya ajiye kwalbar a kan tebur, ya goge hannunsa a wando.

A ɗaya gefen, jandarma, wato ɗan sandansu, ya sara mana, ya kira ni Mushe, wato Malam a faransancinsu, ya duba katinmu ɗaya bayan ɗaya a natse, ya miƙo mana. Na tsaya ina jiran ya ce a ga oga. Bai ce ba. Wannan ya fi damuna a kan duk shingayen da muka wuto, na yi ta waiwaye har muka shiga Maraɗi ina jiran a biyo mu.

A zauren mai masaukin 'yan rake muka sauka, wani dattijo mai fara'a. A wajenmu in ka yi baƙo ba ka ba shi tuwo da miya ba, ai ka tozarta shi. A can ƙatuwar ƙwarya aka dire mana cike da fura, su hura suke cewa, da ludayi guda yana zagayawa, kuma ita ce abincin. Burodinsu dogo ne kamar rake, taurinsa ma bai rage ba. Shayinsu kuwa a ɗan kofin da bai fi makurwa ba, ɗaci kamar maɗaci, su yi ta ɗaga buta sama suna tsiyayawa kamar ba su da wani aiki a duniya. Dattijon bai tambayi addinin kowa ba. Ya sha ya miƙa wa Ayuba ludayi, Ayuba ya sha ya miƙa wa Ɗan'azumi, hannu ya tsaya a iska.

"Baƙo, mi muka yi maka?" in ji dattijon.

"Ba komai, Baba, cikina ne," in ji Ɗan'azumi, ya jawo jarkarsa ya kafa kai.

Da dattijon ya ji labarin kwalbar, sai ya kife ta da turmi a tsakiyar zaure, Ayuba ya shimfiɗa tabarma a dama, Ɗan'azumi a hagu. Da safe duk idonsu ja. Amma na Ɗan'azumi ya wuce na rashin barci, gumi yake ta yi, hannunsa na karkarwa. Ya ja ni waje ya ce, "Malam, mutumin nan ya yi mini wani abu. Kaina kamar zai tsage." Na ce gajiyar rake ce. A zuciyata kuwa na shiga tuno duk inda Ayuba ya zauna da duk abin da ya taɓa, kuma wallahi rabin zuciyata ta yarda da zargin.

Neman ofishin Madam Zainabu ya cinye mana hantsi, da muka same shi an rufe. Ashe su da rana ta take sai kowa ya tafi gida ya kwanta, har ma'aikatan gwamnati, alhali su ma soja ke mulkinsu. Muka zauna a gindin dogonyaro har bayan azahar, sai ga wata gajeriyar mata da tabarau a kan ɗan babur. Na ambaci sunan malamina, ta washe baki, ta yi ta tambayar lafiyarsa da ta iyalinsa kafin ta buɗe mana. Abin da ya fara shiga kunnena a ɗakin shi ne gurnanin firji. Wutar da aka ce daga wajenmu ake kawo musu, ga ta nan ko ƙiftawa ba ta yi.

Ta buɗe akwatin ta yi dariya. "Wanga aikin Malam ne, na gane ɗaurin wayarshi." Ta ciro 'yar fata daga firji ta manna, ta tsoma a wani tataccen ruwa nata. Allura ta hau sama ta tsaya cak. Ni dai na sauke ajiyar zuciya, don ko ba komai akwatin bai ba ni kunya ba. Ta sa su biyun suka duba shatin zoben mai unguwa, sannan ta fasa kyandir, ta zuba ruwan rijiyarmu a kofin gilashi, ta tsoma.

Allura ba ta motsa ba. Muka jira. Ayuba ya rufe ido, leɓensa na motsi. Muka ƙara jira, tana nan a sama.

"Wanga ruwa lahiya lau yake," in ji Madam.

Ɗan'azumi ya yi wata 'yar dariya. "Ai dama na sani. Akwatin Malam, ɗalibar malamin Malam. Allurar ma wa ya sani ko liƙe ta aka yi?"

Abin haushi, ni ma na ɗan ƙwanƙwasa gilashin agogon da yatsa ko maƙalewa ta yi. Madam ba ta yi fushi ba, ta ce bari ta ɗauraye bakin wayar a sake. Ta kai hannu ga tataccen ruwanta, Ɗan'azumi ya ce, "A'a, Hajiya. Wannan ruwan naki ban san abin da ke ciki ba, watakila shi ke hana ta faɗuwa. A ɗauraye da nawa, ruwan rijiyar masallaci ne." Ya kwance jarkarsa ya tsiyaya a wani kofin. Ta ɗaga kafaɗa ta tsoma.

Allura ta fara saukowa. A hankali take tafiya, ba ta tsaya ba sai da ta kusa kwantawa.

Madam ta ɗauki jarkar ta sunsuna, ta juya ta, ta shafa inda aka kankare takarda. "Mi ke cikin wagga jarka da can?"

"Maganin feshi ne," in ji Ɗan'azumi, "amma an wanke. Da toka da sabulu, aka shanya a rana. Kowa haka yake yi."

Gaskiya ya faɗa. Tun da bokiti ya fi ƙarfin talaka, wani mutum ke zuwa kasuwar Makarfi da jarkokin nan, unguwarmu kusan ba gidan da bai saya ba. Suna da murfi, ba sa fashewa, yara na iya ɗauka. Madam ta ce roba shan magani take yi, ko shekara aka yi ana wankewa ba ya fita, kullum sai ta saki kaɗan a ruwa, in ta sha rana ta saki da yawa. Ta canza fata ta sake gwada duka biyun, amsar ba ta canza ba.

Ayuba ya ce a hankali, "Matata ce ta ƙi su. Ta ce ruwansu na wari, ita tulunta za ta riƙe. Har faɗa na yi mata."

Ɗan'azumi bai ji shi ba. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya kalle ni ya ce, "Malam, biyu na saya. Ɗayar tana ɗakin Uwani. Da ruwanta ake dama wa Talatu koko."

Uwani matarsa ce. Ba waya, ba wanda za a aika. Ba mu jira motar rake ba, ko sallama ba mu koma mun yi wa mai masauki ba. Madam ta gaya mini sunan allurar da zan nema wa yarinyar a asibiti, ta sa mana fata ɗaya a cikin filas cike da ƙanƙara don in maimaita gwajin a gaban mai unguwa. Duk motar da ta tsaya hawa muke. A Jibiya ƙishirwa ta kama Ɗan'azumi, Ayuba ya miƙa masa gorarsa, ya karɓa ya sha bai ko duba ba.

Dare ya yi mana a Katsina, ba mota, muka kwana a tasha, washegari a wani shingen soja bayan garin ne aka shanya ni. Akwatin dai ya sake jawowa, aka ce mu tsaya sai oga ya dawo. Wani ya buɗe filas ya ga ƙanƙara, ya ƙwala wa 'yan'uwansa kira, suka zo da kofuna. Na roƙe su, na yi bayani, har na durƙusa. Ɗaya ya ce, "Kai malam, ƙanƙara ce kawai, ba za ka taimaki masu tsaronka ba?" Kafin oga ya zo ya sallame mu, fatar na yawo a ruwan ɗumi, ta mutu. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Ga masu tambayar Talatu, mun same ta da rai, washegari muka kai ta asibitin Ikara, yanzu har tana wasa a ƙofar gida. Amma a ranar da muka iso, bayan la'asar, taro ne a ƙofar mai unguwa. Matar Ayuba ta riga ta ɗaure kayansu, ga su jibge a waje. Na yi bayani daga farko har ƙarshe. Wani ya ce a kunna akwatin su ga allurar, na ce fatar ta mutu a hanya. Sai hayaniya ta tashi. "Jarkar da muka wanke da hannunmu?" in ji wata tsohuwa daga bayan danga. Wani saurayi ya ce, "An saye su a hanya, har shi Ɗan'azumin." Na fahimce su, ba wanda yake son a ce shi ya shayar da ɗansa guba, ya fi sauƙi a ce Ayuba ne.

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Malam Lawal, shaida muka aike ka ka kawo, ka kawo mana labari."

Ayuba ya sunkuyar da kai, na ga matarsa ta fara ɗora wa babban ɗansu ƙullin kaya.

Ɗan'azumi ya tashi ya shiga gida. Na zaci guduwa ya yi. Sai ga shi ya fito saɓe da Talatu a kafaɗa, kanta na lilo, ya nufi rijiya, jama'a suka bi shi. Ya ture dutsen da ƙafa, ya janye kwanon, ya zura guga da hannu ɗaya. Uwani ta fito a guje tana salati, mata suka riƙe ta. Ya tsiyaya ruwan a moɗa. Shi bai sha ba, ya kai bakin yarinyar. Ta kurɓa, ta ƙara, ta kama moɗar da 'yan yatsunta.

Ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na fara cewa Ayuba ya zuba guba a rijiyar nan. Ga 'yata tana sha. Wanda ya ce an saye ni, ya matso ya gaya mini kuɗin Talatu."

Ba wanda ya matso. Mai unguwa ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya ce a gaya wa matar Ayuba ta kwance kayanta, kuma kowa ya fito da jarkarsa kafin magariba.

Ɗan'azumi bai motsa daga bakin rijiyar ba. Moɗar ta karkace a hannunsa, ruwan ya fara zuba a wuyan yarinyar. Ayuba ne ya ratsa mutane ya karɓi moɗar daga hannunsa. A gaban duk unguwa, shi ya riƙe wa Talatu har ta ƙoshi.